Tarihin Hatimi: Daga Zoben Madina Zuwa Gargaɗin Kwamfuta

Da babbar sallar bara ɗan yayata ya zo mana Bande daga Yamai, inda yake aikin kula da manyan kwamfutocin wani kamfani. Hutun nasa dai na baki ne. Washegarin layya da la'asar sai ga shi a zaure, kwamfuta bisa cinya, ya jona ta da intanet ɗin salularsa, wai akwai gyaran da zai yi wa wata na'ura da ke can Yamai. Ina gefe ina dafa shayi sai na ga ya janye hannuwansa kamar wanda ya taɓa garwashi. Da na leƙa, baƙin allo na gani da rubutun Ingilishi cikin manyan haruffa, an yi masa shinge sama da ƙasa da alamar nan mai kama da dodon koɗi da ake sawa a adireshin imel.

Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Kawu, na'urar da nake shiga kullum ce, amma hatimin da ta nuna mini yau ba shi na sani ba. Ko dai an sake ta ban ji labari ba, ko kuma wani ya tsaya tsakanina da ita yana amsawa da sunanta." Bai ƙara taɓa komai ba. Ya kira abokin aikinsa da ke bakin aiki a ranar, ya sa shi ya taka har gaban na'urar ya karanto masa wasu haruffa da lambobi guda 43, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana bi da yatsa a nasa allon. Ashe an sake girka na'urar ne a jajibirin salla, aka manta ba a sanar da shi ba. Kafin su gama shayina ya huce.

Na so in yi masa ba'a, sai na tuna abin da ya same ni wata biyu kafin nan. A zauren WhatsApp na malaman yankinmu saƙo ya shigo daga lambar wani abokin aikinmu da muka yi makarantar horon malamai tare, hotonsa da sunansa duk suna nan. Wai matarsa tana asibiti a Damagaram, ana neman kuɗin aiki kafin magariba, a tura ta sunan wani ƙanensa. Ban kira shi ba, don na ji kunyar in kira mutum yana cikin tashin hankali in ce ya tabbatar mini. Na tura jika goma sha biyar, kuma mu shida muka tura. Shi kuwa bawan Allah yana aji yana koyar da lissafi, matarsa lafiya lau tana gida. Da safe ne wani ya yaudare shi ya karɓi lambobi shida da aka aiko masa, ya ƙwace asusun.

Tambayar da yaron nan ya tsaya ya yi, ni na kasa yi, ita ce: ta yaya za ka san wanda ke yi maka magana daga nesa shi ne wanda ya ce shi ne? Da na bi diddiginta sai na tarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma an sha zubar da jini a kanta.

Zoben Madina

Bayan sulhun Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan hijira, wato 628, Manzon Allah (SAW) ya yi niyyar rubuta wa sarakunan duniya. Aka shaida masa cewa Rumawa ba sa karanta wasiƙar da ba ta da hatimi. Sai ya sa aka ƙera zoben azurfa, aka zana sunansa da matsayinsa na Manzon Allah cikin layi uku. Abin da ya fi jan hankalina a wannan ƙissa shi ne ya hana kowa ya zana irin wannan rubutu a nasa zoben. Hikimar a fili take, domin hatimin da mutum biyu ke riƙe da shi ya tashi daga zama shaida.

Zoben ya zauna a hannun Sayyadina Abubakar, sannan Sayyadina Umar, sannan Sayyadina Usman, Allah ya ƙara musu yarda. A zamanin Usman ne ya faɗa rijiyar Aris, aka yi kwana uku ana yashe ta ba a same shi ba, sai wani aka ƙera. A shekara ta 35 wata tawaga ta mutanen Masar ta zo Madina da koke, aka sasanta, suka juya. A kan hanya suka kama wani mahayi ɗauke da wasiƙa zuwa ga gwamnan Masar, da hatimin halifa a jikinta, tana umarnin a hukunta jagororinsu. Suka dawo a fusace. Usman ya rantse bai rubuta ba, bai yi umarni ba, bai kuma san da ita ba, ya tunatar da su cewa ana kwaikwayon rubutun hannu, ana kuma sassaƙa hatimi irin na wani. Ba su saurare shi ba. Aka kewaye gidansa har ya yi shahada a watan Zulhajji na wannan shekarar, Yuni 656. Mai hatimin yana tsaye a gabansu yana cewa ba nasa ba ne, amma suka gaskata tawada suka bar mutum.

Fada da kasuwa a ƙasarmu

A ƙarni na 19 fadojin Sakkwato da Kukawa da wasiƙu suke mulki. Magatakarda ya rubuta da Larabci, a buga hatimi da tawada, manzo ya hau doki. Da yawa daga cikin takardun nan suna ajiye har yau a gidajen tarihi na Kaduna da Sakkwato. Damagaram kuwa, wadda yankinmu ya shiga ƙarƙashinta, da Shehun Barno take musayar manzanni, har a zamanin Sarki Tanimu da ya gina ganuwa ya ƙera igwa.

Sai dai fada ba ta taɓa dogara da tawada ita kaɗai ba. Kowane sarki na daular Usmaniyya yana da ƙofarsa a Sakkwato, wato babban bafaden da al'amuransa ke bi ta hannunsa. Waziri, misali, shi ne ƙofar Kano da Zazzau. Jakadan da ke kai da kawowa sananne ne, an san fuskarsa, an san ubangidansa. Idan baƙon ido ya iso da takarda, ko hatiminta ya yi kyau, sai an tambayi inda jakadan da aka saba da shi ya shiga. Haka fatake suke yi a hanyar Gwanja: wanda bai taɓa zuwa ba madugu ne ke gabatar da shi ga mai masauki, daga ranar kuma sun san juna. Ko yau a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, mai hankali ba ya sayen sa a hannun wanda bai sani ba sai dillali ya tsaya masa. Shaida biyu ke nan kullum, alama da kuma mutumin da aka sani.

Inda aka rasa shaida ta biyu, ga abin da ya biyo baya. A 1902 Lugard ya ba da rahoton cewa ya samu wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wadda ke cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Fassararta ta Ingilishi ya nuna wa magabatansa a Landan a matsayin hujja. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi cikin Yulin wannan shekarar. Bayan shekara sittin wani tsohon jami'in mulkin mallaka, D.J.M. Muffett, ya bi takardun bai samu asalin Larabcin ba, ya bayyana shakkunsa a littafin da ya fitar a 1964, kuma masana tarihi suna ta muhawara a kai. Ba na cewa da babu wasiƙar Turawa ba za su zo ba, don sun riga sun ɗaura niyya. Amma waɗanda suka karanta ta a Landan ba su da hanyar duba hatiminta ko tambayar wanda aka ce ya rubuta, shi kuma ya rasu tun Oktoba 1902.

Satar kalmar sirri a Finland

Yanzu mu koma ga baƙin allon ɗan yayata. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan banki, da sakamakon jarrabawa, da saƙonnin wayarmu, waɗanda ake kira uwar garke, galibi ba a zaune a gabansu ake sarrafa su ba. Ma'aikaci daga nesa yake shiga ya rubuta musu umarni. Daga 1969 da manhaja mai suna Telnet aka riƙa yin wannan aiki, kuma tana aika komai a buɗe, har kalmar sirri, tamkar ka rubuta asirinka a bayan ambulan ka ba direban tasha. A lokacin masu amfani da hanyar kaɗan ne, kusan duk sun san juna.

A 1995 aka gano wani ya dasa manhajar leƙen asiri a hanyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki, a ƙasar Finland, tana kwashe kalmomin sirrin mutane. Wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya zauna ya rubuta sabuwar manhaja ya sa mata suna SSH, ya sake ta kyauta a watan Yuli. Kafin ƙarshen shekarar masu amfani da ita sun kai kimanin 20,000 a ƙasashe 50. A Disamba 1999 masu aikin OpenBSD suka fitar da tasu mai suna OpenSSH, wadda ita ce ta mamaye duniya, kuma ita ce ke kan cinyar yaron nan a zaurenmu.

Rufe saƙo yadda mai leƙe ba zai karanta ba rabin aiki ne. Idan ɓarawo ya tare hanya ya amsa da sunan uwar garken, to ka rufe asirinka da kyau ka miƙa masa hannu da hannu, shi kuma ya karanta ya wuce da shi gaba ba ka sani ba. Don haka SSH ta ba kowace uwar garke hatiminta. Dabarar ta samo asali ne daga aikin Whitfield Diffie da Martin Hellman na 1976, da na Rivest da Shamir da Adleman na 1977, duk a Amurka. Mabuɗi biyu ne tagwaye. Ɗaya ɓoyayye, ba ya barin cikin na'urar, da shi take buga hatimi. Ɗayan bayyananne, kowa na iya riƙe shi, da shi ake duba ko hatimin na gaske ne. Inda ya fi zoben azurfa shi ne ko sau dubu ka ga bugunsa ba za ka iya sassaƙa irinsa ba. Da yake mabuɗin dogo ne, ana taƙaita shi zuwa gajeren jeri da ake kira zanen yatsa. Su ne haruffa 43 ɗin da na ji ana karantowa ta waya.

Ranar da ka fara shiga wata uwar garke, kwamfutarka za ta ce ba ta san wannan ba, ga zanen yatsarta, ka yarda ko ba ka yarda ba? In ka ce e, sai ta rubuta shi a wani ɗan kundi mai suna known_hosts, ma'ana masu masaukin da aka sani. Daga nan duk shigar da za ka yi sai ta gwada hatimin da na kundin, shiru ba tare da ta dame ka ba. Ranar da suka saɓa sai ta ɗaga murya ta ƙi wucewa.

Rauni biyu ne a wannan tsari, kuma duka a wurin mutum suke. Na farko haɗuwar fari. Idan tun ranar farko ɗan tare hanya ne ya amsa, kai kuma ka ce e ba ka duba ba, to shi ka rubuta a kundin sanannu, na gaskiyar ne ma zai zama baƙo. Na biyu sabo. Sau da yawa canjin hatimi ba sharri ba ne, an sake girka na'ura ne kawai, kamar yadda ya faru a ranar. Mutum ya ga gargaɗi sau goma bai ga ɓarawo ba, sai ya koyi goge tsohon layin ido rufe, wani ma ya kashe binciken ɗungurungum don akwai saitin yin haka.

Darussa uku daga tarihin SSH

A ƙarshen 2000 wani masanin tsaro a Amurka, Dug Song, ya saki manhajar da ke tsayawa tsakanin mutum da uwar garke tana amsawa da sunanta. Ba ta karya lissafin mabuɗin ba. Abin da ta dogara da shi kawai shi ne mutane za su ga gargaɗi su danna ci gaba.

A 2006 wani mai kula da manhaja a tsarin Debian ya cire wasu layuka daga manhajar da ke haɗa mabuɗai, don ya kashe ƙorafin da wata manhajar bincike ke yi a kansu. Bai san layukan nan su ne ke sa kowane mabuɗi ya bambanta da saura ba. Sai a Mayu 2008 Luciano Bello, ɗan Ajantina ne ba Bellonmu ba, ya gano cewa mabuɗan da aka haɗa a tsakanin nan, a kowane nau'i, ba su kai 33,000 ba, ɓarawo na iya jera su duka ya gwada. Abin da aka hana tun a Madina ya auku, hatimi ɗaya a hannun mutane da yawa. Dole aka sake hatimin na'urori birjik a faɗin duniya.

Ranar 24 ga Maris 2023 kuma kamfanin GitHub, inda miliyoyin masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya sanar cewa ɓoyayyen mabuɗinsa ɗaya ya fita fili na ɗan lokaci bisa kuskure. Zobe ya faɗa rijiya ke nan. Suka sake sabo nan take, suka buga sabon zanen yatsa a shafinsu don kowa ya gwada kafin ya karɓa. A ranar mutane da yawa sun ga shingen da na gani a zaure. Wanda ya je ya gwada ya yi daidai, wanda ya goge ya wuce sa'a kawai ya ci.

Gyare-gyaren da aka yi wa SSH duk komawa ne ga dabarar fada da kasuwa. A 2006 aka fitar da ƙa'idar ajiye zanen yatsa a rajistar sunayen intanet, don a same shi ta wata hanya daban. A 2010 OpenSSH ta kawo takardar lamuni, inda hukumar wurin aiki ke sa hannu a kan hatimin kowace na'urarta, ma'aikaci ya riƙe hatimin hukumar kaɗai, duk na'urar da ta zo da lamuninta ya karɓa. Aikin madugu ke nan, aikin dillali ke nan. Ƙa'idar masu wannan sana'a kuma ba ta wuce huɗu ba: ka samo zanen yatsa ta wata hanya kafin haɗuwar fari, kada ka kashe bincike, in hatimi ya canza ka nemi dalili wurin wanda ka sani, in kai ne za ka canza ka sanar tun da wuri.

Abin da ya shafe mu

Yawancinmu, iyaye da malamai, ba za mu taɓa shiga uwar garke ba. Amma irin wannan hatimi yana cikin aljihunmu. Tun Afrilu 2016 WhatsApp ke rufe saƙonni daga waya zuwa waya, kuma tsakaninka da kowane abokin hira akwai lambar tsaro mai alƙaluma 60, wadda za ku iya gwadawa in kun haɗu ido da ido. Idan asusunsa ya koma wata waya, lambar sai ta canza. A saitin tsaro akwai wurin da ake kunnawa don a riƙa sanar da kai. Da ɗan yayata ya duba wayata, a kashe ya same shi. Da a kunne yake, da na ga sanarwa a kan sunan abokina tun kafin saƙon asibiti ya iso.

Ina dai gaya wa kaina gaskiya, wataƙila ko na gani da na wuce, tunda mutane kullum suna sake waya. Sanarwa ba ta yanke hukunci, tsayar da kai kawai take yi ka tambaya. Kuma tambayar ba ta cikin hanyar da ake zargi za ta bi ba. In ka rubuta wa asusun da aka sace cewa "Kai ne?", ɓarawon ne zai ce maka "Ni ne." Ka kira ta layin waya ka ji murya, ko ka kira matarsa, ko maƙwabcinsa, ko ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Iyayen da ƴaƴansu ke ci-rani a Agadas ko Kano ko Libiya, ku yi wannan yarjejeniya da su tun suna gabanku, kafin su hau mota. Lambobi shida da ke shigowa waya kuwa su ne zoben, ba a ba kowa, ko da ya ce daga ofishin ilimi yake. A kuma sa lambar sirri ta mataki na biyu, a koya wa yara su ma.

Abu mafi wuya a wurinmu kunya ce. Tarbiyyarmu ta hana ka nuna wa babba ko aboki kana shakkar maganarsa, kuma da wannan kyakkyawar ɗabi'a ɓarayin nan ke cin kasuwa. A taronmu na farko bayan hutu mun yanke shawara a zauren malamai: duk wanda ya nemi taimakon kuɗi za a kira shi, kuma ba zai ji haushi ba, duk wanda ya sake waya ko lamba zai faɗa da bakinsa a gaban mutane. Abokin nawa, wanda har yanzu yake sunkuyar da kai in ya ga mu shidan nan alhali ba shi ya ci kuɗin ba, shi ya fara miƙo wayarsa muka gwada alƙaluman nan 60. Mai tambaya ba ya ɓata. Allah ya tsare mu da zuri'armu daga sharrin masu tare hanya.